Kawuna da Ya Ɗaga wa Ɗansa Jan Kati

Wata Asabar da hantsi ina kasuwar Edmonton a nan London ina tsintar attaruhu, wayata ta yi ƙara. Lambar Kawu na gani, yayan mahaifiyata, don haka na ɗauka da tsokana, na ce, "Rafali, yau kuma wa aka kora?" Sai na ji muryar wani Bature. Ya ce shi ne kocin yaran da Kawu ya je yi wa alƙalancin wasa. Ya ce Kawu ya busa usur ɗin tashi daga wasa, ya gaisa da 'yan wasan ɓangarorin biyu, ya taka bakin fili zai ɗauki jakarsa, sai ya durƙusa kamar mai ɗaure igiyar takalmi. Bai sake miƙewa ba. Motar asibiti ta zo da wuri, sun yi ta danna masa ƙirji, amma zuciyar ta riga ta tsaya. Sun kira matarsa ba ta ɗauka ba, ni ce kuma wadda ya kira ta ƙarshe da safen.

Na ce masa ya yi kuskuren lamba. Wallahi haka na ce, alhali sunan Kawu na nan a fuskar wayar ina kallo. Mai attaruhu ta zo ta riƙe ni. Daga Allah muke, gare Shi kuma komawarmu take. Na faɗa da bakina, amma zuciyata ba ta karɓa ba.

Ni na kai wa Anti, matar Kawu, labarin. Na same ta a kicin tana kaɗa miyar kuka. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "A'a, ba shi ba ne. Mutumin da ya sauka bene da gudu ɗazu? Cewa ya yi in ajiye masa tuwo." Ta ci gaba da kaɗa miyarta. Sai da na kashe mata wutar da hannuna, sannan ta zauna a ƙasa dirshan, maburgin na hannunta.

Mahaifiyata a Kano ihu ta yi har wayar ta faɗi. Da ta sake kira tambayarta ɗaya ce, bayan la'asar za a kai shi ko sai gobe da safe? Na ce mata a nan in mutum ya faɗi haka kwatsam, hukuma ba ta sakin gawa sai likitocinsu sun bincika. Sai ta ce, "Yanzu Yaya za su ajiye a cikin ƙanƙara?"

Kafin magariba gidan nasu na saman bene ya cika. Dattawan masallaci suka zauna a falo, kowa ya shigo sai ya ce, "Jiya fa sahu ɗaya muka yi Juma'a." Aminin Kawu, wani Kirista mutumin Filato da ya yi ritaya daga tuƙin bas, ya ƙi shiga. A kan matakala ya zauna, hularsa a hannu, duk wanda zai wuce sai ya tare shi ya ce, "Kun gan shi da idonku? Kun tabbata?" Baturken da ke da shago a ƙasan gidan ya rufe shagonsa, ya yi ta hawo da shayi da burodi.

Washegari kuma sai ga wasu baƙi da ba mu zata ba. Ƙarti ne majiya ƙarfi, Turawa da baƙaƙe, wuyan kowannensu kamar turmi. Wani ya gaya musu ana cire takalmi, sai suka jeru a baranda da safa, suna kuka kamar yara. Wasu tun daga arewacin Ingila suka tuƙo mota. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "'Yar nan, waɗannan 'yan dambe ne?" Na ce a'a, Baba, yaran Kawu ne. Ya sake kallonsu ya riƙe baki. Dattawanmu sun san Kawu na da "wasan nan nasa", amma a wurinsu wani ɗan rauni ne da ake kau da kai a kansa: mutum da furfura, mai aiki a asibiti, ya riƙa bin yaran Turawa da usur. Ba su taɓa sanin girman abin ba sai ranar.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma jikokinsa da ba su yi wayo ba su san wane ne.

Wasan zari-ruga, wato rugby, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, iri biyu ne a ƙasar nan. Na Kawu shi ne na mutum goma sha uku-uku, wanda ya fi ƙarfi a arewacin Ingila. A London sai ka nema. A can arewa ya fara zama da ya zo karatun ɗaukar hoton ƙashi. Mai gidan da yake haya, wani tsohon mai haƙar kwal, shi ya fara jan sa kallo. Kawu kan ce, "Ni na ɗauka faɗa ne ya kaure, ina ta waige-waige ina neman 'yan sanda." Abin da ya kama hankalinsa ba ƙartin ba ne. Wani ɗan tsamurmurin mutum ne a tsakiyarsu da usur, wanda in ya yafito ƙato kamar bijimi, sai ƙaton ya zo ya sunkuyar da kai ya saurara. Ya ce tun daga ranar ya san gurbin da yake so. Ya yi kwas, ya fara da wasan yara. Zagin da ya sha daga bakin fili saboda launin fatarsa ba ya faɗuwa. In ya ba da labarin dariya yake yi: "Ran Asabar su kira ni biri, ran Litinin su zo asibiti in ɗauki hoton haƙarƙarinsu."

Da ya sami aiki a wani asibiti a Marylebone ya dawo London da usur ɗinsa. Na zauna a gidansa shekarun karatuna, na kuma ga al'adunsa. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni, wannan ne ya ba ni lasisin tsokanarsa. Duk Juma'a da yamma sai ya jiƙa usur ɗin a ruwan zafi da gishiri, Anti na faɗan ya bar mata kofunan shayinta. Yakan sa dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren, saboda gwiwa. In azahar ta same shi a fili, bayan mota yake shimfiɗa rigar ruwansa ya yi salla. In wasa ya yi zafi kuwa Turanci guduwa yake yi daga bakinsa, sai ka ji, "Kai! Sauko da hannu!" Har yaran kulob ɗin da yake yi wa alƙalanci, 'ya'yan Turkawa da na Jamaika da na Ingila, suka riƙa ce wa junansu "sauko" ba tare da sun san yaren da suke yi ba.

Dokar da yake wa wannan ihun ita ce ta fi komai tsaya masa a rai. An yarda ka kama mai ƙwallo ka kayar da shi, amma hannunka ko kafaɗarka kada su taɓa wuyansa ko kansa. Kawu na kiran saɓa wannan kamun wuya. Hukuncinsa hawa-hawa ne: ko fanareti, ko kati mai ruwan ɗorawa ka zauna a waje minti goma, ko jan kati ka fita ke nan, a kuma dakatar da kai wasanni. Shi da ya yi rayuwarsa yana kallon hoton kawunan mutane, ba ya ɗaukar wannan da wasa. Yakan ce hannu in ya karye a ɗora, amma abin da ke cikin kai ba a sa masa filasta.

Kallon manyan wasanni da shi a talabijin aiki ne. Ina ɗaki ina karatu sai in ji, "Uwata! Zo ki gani!" Ya tsayar da hoton, ya mayar baya. "Kin tuna na makon jiya? Jan kati. To ga na yau. Hannu iri ɗaya, wuya iri ɗaya, ko fanareti babu. Yaran da nake koyawa wanne za su bi?" In na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ni fa jarrabawa gare ni," sai ya ce minti ɗaya, ya ƙara mayarwa. Ba tsanani yake nema ba. Maganarsa kullum ita ce, "Rafali ya yi zafi ko ya yi sanyi, ban damu ba. Ya dai zama mutum ɗaya daga farawa har tashi, kuma mutum ɗaya ga mai jar riga da mai shuɗiya." Ya san aikin da wuya, don kafin ƙiftawar ido an gama komai, kuma mai ƙwallo kan zame ya kawo kansa inda ƙirjinsa yake a da. Na taɓa ji ya kira wani koci ran Lahadi ya ce masa hukuncin da ya yanke jiya kuskure ne, ya ba yaron haƙuri.

Cikin ƙartin da suka tsaya a baranda akwai wani mai ɗauke da jaririya, da wani tsoho a bayansa. Mai jaririyar ne ya ba Anti labarinsa, ina fassara mata inda Turancinsa ya yi sauri. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka buge shi a kai a wasan da Kawu ke alƙalanci. Ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau. Kawu ya kalli idanunsa, ya tambaye shi su wa ke kan gaba, ya kasa faɗa. Kawu ya ce ya fita daga fili. Ubansa ya shigo fili yana zagi, har yana nuna Kawu da yatsa a fuska. Kawu ya sa ƙwallo a hammata ya ce ba za a ci gaba ba sai yaron ya zauna. Da aka tashi ya ga a bas suka zo, sai ya zuba uba da ɗa a motarsa ya kai su asibiti, uban na ta ƙunƙuni a baya. Aka samu jini na taruwa a kan yaron, aka shiga da shi tiyata a ranar. Tsohon da ke bayansa shi ne uban. Ya dubi Anti, ya juya ya fuskanci bango. Anti ta dube ni ta ce, "Ni bai taɓa gaya min wannan ba."

Ba zan rubuta ta'aziyyar Kawu in ɓoye rigimarsa da ɗansa ba, don shi da kansa bai ɓoye ta ba.

Ɗa ɗaya namiji gare shi, taubashina. A nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa. Ya tashi a bakin fili, ya kuma iya wasan ƙwarai. Yana shekara goma sha bakwai ƙungiyarsu ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofi, wani babban kulob na arewa kuma ya turo mutum musamman ya duba shi. Ni da Anti muka je. Sai motar rafalin da aka turo ta lalace a hanya. Kociyoyin biyu suka zo wurin Kawu, wanda kallo kawai ya je yi. Ya ƙi, ya ce ɗansa na ciki. Suka ce sun sani, sun kuma san shi, in bai karɓa ba sai dai a soke wasan. Na ga taubashina yana girgiza masa kai daga nesa. Kawu ya ɗauko usur daga mota.

Kafin hutun rabin lokaci wani yaro na ɗaya ɓangaren ya kai hannu ya sami kan ɗan wasanmu. Kawu ya ɗaga masa jan kati. Iyayensu suka yi ca, suna ihun yana yi wa ɗansa aiki. Ana dab da tashi, mu ke kan gaba da kaɗan, wani ɗan ƙaramin yaro mai gudu ya ɓalle. Taubashina ya tare shi. Ƙafar yaron ta zame a laka, ya yi ƙasa, hannun taubashina ya same shi a muƙamuƙi. Ƙarar har inda muke. Na ga hannun Kawu ya tafi aljihu ya tsaya a can. Anti ta damƙe hannuna. Sai ya fito da ja.

Suka ci mu kafin a tashi. Aka dakatar da taubashina, dakatarwar ta haɗa da makon da aka ce ya je gwaji. Mutumin arewa bai sake kira ba.

Muna shiga gida Anti ta ce, "Malam, ɗanka ne fa. Yaron nan zamewa ya yi, kowa ya gani."

Ya ce, "Na gani. Na farkon ma cewa ya yi zamewa aka yi. Ita ma uwarsa tana tsaye tana kallo kamar yadda kike kallo."

Ta ce, "To ba ga ruwan ɗorawa nan a aljihunka ba?"

Taubashina ya fito daga ɗaki, laka ba ta gama bushewa a ƙafarsa ba. Da Turanci ya yi magana, muryarsa a kwance, wanda ya fi ihu ciwo. Ya ce ba don yaron nan Baba ya yi ba, ba don doka ba. Ya yi ne don a ce shi mai adalci ne, ya biya sunansa da rayuwar ɗansa. Kawu ya tsaya yana kallonsa. Na ɗauka zai mare shi. Sai ya juya ya shiga banɗaki, muka ji famfo na zuba, ya daɗe yana zuba, fiye da na kowace alwala.

Taubashina bai sake taɓa ƙwallo ba. Ya tafi jami'a a wani gari mai nisa, ya sami aiki a can, sai da Salla yake zuwa. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu, "Lafiya lau, Baba," shi ke nan. Dangi sun sa baki, mahaifiyata ta yi ta waya, ba abin da ya sauya. A bainar jama'a Kawu bai taɓa janye hukuncinsa ba. Amma wata rana ya sauke ni a tashar jirgi, na buɗe ƙofa zan fita, sai ya ce, "Uwata, kin san abin da ke damuna? Ban sani ba, da ɗan wani ne, ko ruwan ɗorawa zan ba shi. Ina tsoron kada a ce na sassauta wa nawa, mai yiwuwa sai na tsananta masa. In haka ne, ranar ma ban zama mutum ɗaya ba." Na ce, "Kawu, ku gaya masa mana." Ya ce, "In na tabbata zan gaya masa. Har yanzu ban tabbata ba."

Haihuwa ce ta sassauta abin. Da matar taubashina ta haifi 'ya mace suka dawo London, sai ya fara kawo ta ran Lahadi. Wata rana ana cin abinci shi da kansa ya tayar da maganar katin. Sai ga su a tsakiyar falo, an ture tebur, Kawu ya riƙe matashin kujera a matsayin yaron da ya zame, taubashina na nuna inda hannunsa ya fara sauka. Ɗaya na Hausa, ɗaya na Turanci, kowa na ɗaga murya. Ba wanda ya yarda da wani. Amma suka koma tire ɗaya suka ƙarasa cin shinkafarsu. Daga nan abin ya zame musu al'ada, kusan duk Lahadi sai an yi shari'ar nan, har Anti ta riƙa ɓoye matasan kujerunta. A kiran da ya yi min safiyar rasuwarsa, murna yake yi. Ya ce, "Yaron nan ya yi mana booking ɗin tikiti, wata mai zuwa za mu arewa kallon wasa, ni da shi kawai."

Da aka saki gawar aka yi masa sutura, taubashina ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Waɗanda suka je sun ce bai yi kuka ba, bai kuma yi magana ba, ko da dattawa ke masa gaisuwa kai kawai yake ɗagawa. Haka ya kasance duk kwanakin zaman makoki. Matarsa ta ce min ko a gida haka yake, ya zauna ya zuba wa bango ido.

Kulob ɗin suka aiko suna tambaya ko a dakatar da wasannin yara na wani lokaci. Anti ta ce a'a, da yana nan ba zai yarda ba. Ranar da aka koma, taubashina ya kira ni ya ce in raka shi. Rabonsa da filin tun ranar jan katin. Muka tsaya can nesa da mutane, kusa da inda aka ce Kawu ya durƙusa. Wata budurwa ce rafali, cikin waɗanda Kawu ya koyar. Ana cikin wasa wani yaro ya kai wa wani hannu a wuya. Ta busa, ta ɗaga kati. Uban yaron ya taso yana mata ihu. Ban ankara ba sai jin muryar taubashina na yi ta cika filin, yana ce wa mutumin ya koma ya zauna, yarinyar ta yi daidai. Mutumin ya dube shi, ya koma.

Muka ci gaba da tsayuwa. Can ya yi magana, idonsa na kan fili, kuma da Hausa, irin tasa mai karyewa.

Ya ce, "Nawa ruwan ɗorawa ne. Har yanzu na ce ruwan ɗorawa ne."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To yanzu wa zan gaya wa?"

Sai ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ya rufe fuskarsa da rigarsa, kukan da ya ƙi zuwa ya zo. Na tsuguna kusa da shi. Yaran suka ci gaba da wasansu.

Ya Allah, Kawu ya zo gare Ka. Ka yafe masa inda ya kuskure, Ka karɓi inda ya dace, Ka yalwata masa makwanci, Ka kuma ba ɗansa da Anti juriyar Lahadin da ke tafe.